Ranar da Inabin Yong Ya Yi Rawa

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, can gindin duwatsun Khao Yai, wanda uwarsa ta raɗa wa suna Prayong, shi kuma ya raɗa wa kansa Yong Aradu. Yana saurayi ya rataya jita ya hau motar Bangkok, ya ce wa budurwarsa Lamduan ta jira shi damina ɗaya. Sai da ya kusa yin damina talatin bai dawo ba. A can ya kafa ƙungiyar kiɗan rok mai suna Tsatsa, suka yi waƙa guda da ta zaga ƙasa, a kan wata yarinya da ke kuka a tashar mota. Ita suka yi ta rerawa a wuraren biki har amaren da aka yi wa kiɗan suka fara aurar da nasu 'ya'yan.

Ya dawo gida da gashi har gadon baya, sai dai na tsakiyar kan ya riga ya yi sallama. Ya dawo da wandon fata wanda ba ya rabuwa da shi ko a tsakiyar bazara. Ya tarar uwarsa ta bar masa fili, filin kuma yana jikin gonar inabin Lamduan. Ita kam ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu, ta zama mai gonar da ta fi ta kowa, da baki wanda dillalan kasuwar Pak Chong ke shakka.

Ya same ta a bakin shinge tana ɗaure rassa.

"Lamduan, kin gane ni?"

"Na gane wandon. Da shi ka tafi."

"Na dawo."

"Na gani. Daminar ta ɗauke ke nan?"

Wani zai sunkuyar da kai. Yong sai ya ɗaga nasa, ya watsa gashi baya, ya ce ai shi ma inabi zai shuka. Ba irin nata da yara ke ci a leda ba. Giya zai yi da shi, giyar da Faransawa za su kurɓa su zauna a ƙasa. Ya ma riga ya sa mata suna, Hawayen Aradu. Ran da aka cika kwalbar farko kuma zai turo manya gidanta.

Lamduan ta dube shi tun daga takalmi har sanƙo.

"Prayong, ran da na tsinki inabi a gonarka na sa a bakina, ka turo manyan. Kafin nan ko agwagwa kada ka turo."

Ya koma gida yana murmushi, don a kunnensa wannan amsa ce mai daɗi. Ba ta ce a'a ba.

Ya kafa rumfuna, ya shuka, inabi ya kama. To a nan ƙasar tamu babu sanyin da zai sa itacen inabi ya yi barci, don haka manomi ne ke sa shi dole: a datse shi bayan girbi, a sake datse shi ƙarshen damina, a bar shi tsirara kamar an yi masa fashi. In ba a yi haka ba ganye zai yi ta yi, ya manta da maganar 'ya'ya. Yaron da bai iya ɗaura zani ba ya san wannan. Kawu Thongbai, tsohon maƙwabcinsa mai kiwon agwagi, ya kawo masa almakashi har gida.

"Kawu, mayar da abinka. Ni da ban taɓa sa almakashi a kaina ba zan sa wa shukata? Abu mai rai 'yanci yake so."

"Ai na ga 'yancin da ka ba kanka. Rabin gashin ya yi amfani da shi ya gudu."

"Ku datsa kuka sani. Ni kiɗa zan yi musu. Sauti yana shiga jijiya."

Haka kuwa aka yi. Kullum da hantsi ya jawo manyan lasifikoki biyu bakin rumfa, ya danna wa inabi kiɗa har karnukan gidan ibada su amsa. Agwagin Kawu Thongbai suka daina ƙwai. Inabin kuwa ya ji daɗi, ya yi ganye fato-fato, ya rufe rumfa, ya haye turken lantarki. Shekara ta zagayo, wata ta biyo ta, wata ta sake biyowa, ko ƙwaya ɗaya. Yong yakan shiga ƙarƙashin rumfar ya ɗaga kai yana leƙe, ya fito ya ce wa masu wucewa, "Suna tara ƙarfi ne." Ta tsallaken shinge kuma yana ganin gonar Lamduan, an aske ta ƙwal, nonnan inabi na reto kamar fitilun biki. Wani lokaci yakan hango ta ita ma, da malafa, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ba ya jin ko wace waƙa ce, amma yakan rage ƙarar jitarsa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai wani gidan rediyo ya kira shi a waya, a shirin da ake tambayar ina tsofaffin mawaƙa suka shige. Yong ya ji an ce "Yong Aradu" da irin muryar da, bakinsa ya kwance. Ya ce yana da gonar inabi iya ganinka, inabin da kiɗa kaɗai ke sa shi 'ya'ya, da giyar da ba ya sayarwa don mutane ba su kai su sha ta ba tukuna.

Kwana biyu sai ga waya daga wata yarinya mai suna Nicha, mai shirya finafinan gaskiya a Bangkok. Ta ce tana son ta ɗauki rayuwarsa, daga jita zuwa giya. Za su zo lokacin girbi, su ɗauki inabi a rumfa, su ɗanɗani Hawayen Aradu.

"Ku zo," in ji Yong. "Ku zo da babbar kyamara."

Ya ajiye wayar, ya dubi ganye, ganye ya dube shi.

Da yamma ya kai kukansa rumfar taliya, inda ƙauye ke taruwa. A nan ya kamata wani mai hankali ya ce masa ya kira yarinyar ya faɗa mata gaskiya. Amma mu mutanen ƙauyen nan sau ɗaya aka taɓa nuna mu a talabijin, ran da ruwa ya tafi da gada, kuma ko a ranar gadar aka fi nunawa. Mai unguwa ya ce wannan magana ce ta mutuncin gari. Mai taliya ta tambaya ko za a ɗauko rumfarta. Kafin a kwashe kwanuka an gama shawara: za a sayo inabi, a yi giya da shi, ranar fim kuma a sake sayo wani a rataya. Sharaɗi ɗaya Yong ya kafa, kada Lamduan ta ji. Kowa ya rantse, har da ƙanwar Lamduan.

Washegari ya ɓad da kama da hula da baƙin tabarau ya tafi kasuwar Pak Chong, don kada a gane shi. Wandon dai bai cire ba. Ya cika mota da inabi ya dawo, aka zuba a babban baho bayan gidan Kawu Thongbai. Yong ya zauna ya fara kwance takalmi.

"Me za ka yi?" in ji mai taliya.

"Takawa zan yi, Goggo. Haka ake yi a Faransa."

Matan da suka taru suka dubi ƙafarsa.

"Da ƙafa?"

"Da ƙafa."

"Abin da mutum zai sa a bakinsa? Mu da ko nuna mutum da ƙafa ba ma yi? Kuma wannan ƙafar, da ta shekara talatin a cikin takalmin fata?"

"Ai Faransawa…"

"Faransawa ba su ga taka ba."

Mata suka ture shi gefe, kowace ta koma gida ta ɗauko turminta na kwaɗon gwanda. Aka jera turame aka hau daka. Yong ya leƙa ɗaya ya ga jan barkono maƙale a gindi, ya ji tafarnuwa ta daki hancinsa.

"An wanke turamen nan kuwa?"

"Turmin kwaɗo ake wankewa da sabulu? Kana so ka kashe masa daɗi?"

Saura mazubi. Yong ya ce a Faransa gangar katako ake sawa. Kawu Thongbai ya ce a nan randa ake sawa, kuma yana da manya guda uku na marigayiyar matarsa. Marigayiyar kuwa duk yankin an san ta da pla ra, kifin nan da ake jiƙawa da gishiri da dusar shinkafa a rufe shi shekara. Yong ya sa kai cikin randa ɗaya ya fito da hawaye.

"Kawu, an wanke su?"

"Ta wanke su kafin ta rasu."

"Kifi nake ji."

"Ni ita nake ji," in ji tsohon, ya shafa bakin randar. Aka juye.

Bayan mako biyu aka buɗe. Mai unguwa ya ɗanɗana ya ce tsami ya yi yawa, aka jefa curin sukarin giginya. Mai taliya ta shinshina ta ce ƙarni ya yi yawa, kuma duk macen kirki ta san maganin ƙarni, aka matse lemun tsami. Yong yana tsaye yana cewa ba haka ake yi ba, ba wanda ya juyo. Aka tace, aka ɗura a kwalabe, ya manna musu takarda mai hotonsa yana saurayi. Shi kansa bai kurɓa ba. Ya ce mai zane ba ya lasar fentinsa.

Ranar fim da sassafe aka kawo mota ta biyu. Yong ya so a ɗaure da zaren kamun kifi, aka ce zai yi ƙyalli a kyamara, kuma wa ke da lokacin ƙulli? Matan da ke sayar da miya suka zaro jan robali daga aljihu, irin wanda suke ɗaure bakin leda da shi. Hannunsu ya saba: a naɗe, a murɗa, a soke. Ɗaurin ledar miya ke nan, ba ya zuba ko an yi tafiya da shi a babur, amma ja ɗaya yake kwancewa. Kafin rana ta ɗaga, rumfar Yong ta yi nauyi da inabi. Ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga kai. Bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

"Kawu, me ya sa reshe ɗaya yake da baƙi da kore?"

"Abin da aka samu a kasuwa ke nan."

"To in an tambaya, sabon iri ne. Ni na haɗa."

Nicha ta iso da mai kyamara, ta haɗa tafuka ta gaishe shi. Duk ƙauye ya fito yana wucewa ta bakin gonar kamar bisa tsautsayi, mai unguwa da kakinsa, mai taliya da jan baki.

"Kawu Yong, mun gode da karɓarmu."

"Ki ce Yaya."

"To, Yaya. Babana yana son waƙarka. Kakata ma."

Aka zaunar da shi kan kujera, rana na dukan rumfa. Ya yi bayani mai tsawo. Ya ce baƙin inabi amon jita mai kauri yake so, kore kuma siriri. Ya ce akwai safiyar da ya yi kuskuren waƙa, washegari ganye ya yi fushi. Yana cikin ba da labarin wani Bafaranshe da ya durƙusa masa, sai ya hango malafa a bakin shinge.

Lamduan ce. Ta sa riga mai ruwan ganye wadda bai taɓa ganin ta da ita ba, ta soke fure a gashi.

"Prayong, an ce gonarka ta yi 'ya'ya. Na zo tsinka."

Yong ya dubi rumfar. In ta miƙa hannu ta tsinki ƙwaya ɗaya ta ci, shi ke nan, gobe manya na gidanta. Abin da yake nema ke nan tun da ya dawo. Amma ya dubi furen nan da ke kanta ya ji kamar ya saci kuɗin sadaka a gidan ibada.

Nicha ce ta cece shi, ko kuma ta kashe shi. Ta ce kafin a taɓa komai tana son ta ɗauki yadda yake yi wa inabin kiɗa. Yong ya rataya jita, ya taɓa ta a hankali kamar mai lallashin jariri, idonsa na kan robali, wanda rana ta gasa tun safe.

"Yaya, ba haka ba. Irin na da. Irin na Tsatsa."

"Yau suna son sanyi-sanyi."

"Ko dai hannun ne ya tsufa?" in ji Lamduan daga shinge.

Shi ke nan. Yong ya murɗa lasifika har ƙarshe, ya buɗe ƙafafu, ya watsa gashi, ya ɗauko waƙar yarinyar tashar mota. Ƙasa ta ɗauka, turakun rumfa suka ɗauka. Sai ga nonnan inabi sun fara motsi. Robali ya miƙe ya dawo, ya miƙe ya dawo, inabi na sauka yana hawa daidai da kiɗa, layi-layi, baƙi da kore, kamar 'yan kallo a filin wasa.

Nicha ta damƙi hannun mai kyamara. "Ɗauka. Kada ka yi numfashi, ɗauka."

Yong ya ɗaga kai ya gani. Shi ya sayo inabin nan da hannunsa, yana tsaye aka rataya shi, amma a wannan lokacin ya yarda. Ya ce a ransa ashe dai gaskiya yake faɗa tun farko. Ya rufe ido, ya durƙusa gwiwa ɗaya yadda yake yi a da, wandon ya yi wata ƙara da ba ta cikin waƙar, ya ɗaga hannu sama ya sauke wa jita duka na ƙarshe.

Tas. Tas, tas. Robali ya fara tashi ta ko'ina. Ɗaya ya sami mai unguwa a kunne, ɗaya ya faɗa bakin mai taliya tana tsakiyar murmushi wa kyamara. Inabi ya dinga zubowa tim, tim, a kan mai kyamara, a kan lasifika, a kan sanƙon Yong. Agwagin Kawu Thongbai, waɗanda suka daɗe da ƙullatar gonar nan, suka kutso ta ƙarƙashin shinge suka hau rama gayya. Kafin ƙugin jita ya mutu, rumfa ta koma yadda take, ganye zalla, sai jan robali na lilo nan da can.

Mutanen da suke wucewa bisa tsautsayi suka fara wucewa da gaske.

Lamduan ta buɗe ƙofar shinge ta shigo. Ta ɗauki nono guda a ƙasa, ta dubi yankan karansa, ta goge ƙwaya ɗaya a riga ta ci.

"Inabin gonata ne," ta ce. "Dillalina ya kira ni. Ya ce wani tsoho mai wandon fata ya kwashe kayana kaf, ko ciniki bai yi ba. Har sau biyu. Ya ce in roƙe ka ka riƙa zuwa."

Yong ya miƙe daga durƙuson da ƙyar, hannu ɗaya a bayan wando.

"Inabi dai inabi ne. Gwaninta a giya take. Kawu, kawo kwalba."

Aka zuba wa Nicha a kofin gilashi. Yarinya ce mai tarbiyya. Ta juya kofin, ta shinshina, ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Akwai… kamar ƙamshin kogi."

"Ƙasar wurin ce," in ji Yong.

Lamduan ta karɓi kofin. Ta shinshina, girarta ta ɗaga. Ta ɗanɗana a harshe, ta sake ɗanɗanawa.

"Kifi, tafarnuwa, barkono, lemun tsami, sukarin giginya." Ta juya wajen mata. "Wa ke da ɗanyar gwanda?"

Nan da nan turmi ya fito, aka fere gwanda, aka yanka tumatir, Lamduan ta tuttula Hawayen Aradu a kai ta daka. Kawu Thongbai ne ya fara ɗiba da shinkafa mai danƙo. Ya tauna, ya share ido da bayan hannu.

"Tun da ta rasu ban ci irinsa ba."

Waɗanda suka gudu suka dawo da kwanuka. Aka buɗe kwalba ta biyu, ta uku. Nicha tana ci da hannu ɗaya tana nuna wa mai kyamara inda zai ɗauka da ɗayan. Ta zo ta tsuguna gaban Yong, wanda ke zaune kan lasifika da ɓawon inabi a gashi.

"Yaya, me za ka ce wa masu kallo?"

"Ki ce Kawu." Ya dubi kyamara. "Ki gaya musu ga mutumin da ya shekara uku yana yi wa ganye waƙa, ya tashi yin giya ya haɗa romon kwaɗo. Shi ma ɗin ba shi ya haɗa ba."

Da rana ta karkata mutane suka watse, kowa da kwalba a hammata. Lamduan ta kawo masa kwaɗo a ganyen ayaba, ta zauna kan ɗaya lasifikar. Suka daɗe suna kallon agwagi.

"Waƙar nan taka ƙarya ce," ta ce. "Ba a tasha na tsaya ba, gindin tsamiya ne. Kuma ban yi kuka ba."

"Na gan ki ta taga."

"Ƙurar mota ce."

Ya tsakuri kwaɗon. Ya yi daɗi, abin haushi.

"To yanzu maganar manya ta mutu ke nan?"

"Sharaɗi yana nan yadda yake. A gonarka, daga jikin itacenka, ba robali."

"Lamduan, ban iya ba." Bai san yaushe rabonsa da faɗin wannan kalma ba, ta fito masa da tsatsa.

"Duk ƙauye ya san ba ka iya ba, yanzu Bangkok ma za ta sani. In na gama girbi zan shigo da almakashi. Mu datse su, ruwa ya sauka, mu sake datsewa. Sanyi na shigowa za su yi fure." Ta dubi kansa. "Almakashin kuma biyu zan kawo."

Yong ya dafe gashinsa, ya sake shi. Ya yi lissafi da yatsu.

"Wannan ai sai baɗi ke nan."

Lamduan ta miƙe, ta kakkaɓe riga, ta cire furen da ke kanta ta soke shi tsakanin wayoyin jitar.

"Damina ɗaya ce, Prayong. Ka jira ni."